Saja Ya Sayi Man Leɓe

Bakin begilar yana kwance a cikin kofin ruwan ɗumi, Saja kuma yana zaune a gefen gado yana jiransa, safa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Haka yake yi kowace asuba idan sanyi ya shigo: ya zare ɗan ƙarfen da ake ɗora leɓe a kai, ya jefa shi cikin ruwan da ya kwana a filas, ya bar shi ya sha ɗumi, don ƙarfe mai sanyi ba ya ragawa fatar mutum. Yana jira yana lasar leɓɓansa, na sama sannan na ƙasa, kamar kyanwar da ta gama cin abin da ba a ba ta ba.

"Ci gaba da lasa," in ji matarsa daga cikin bargo. "Ranar da ka cinye su sai mu ga da me za ka busa."

"Idonki fa a rufe yake, Kwamanda."

"Kunnena a buɗe yake, Kofur."

Duk makarantar da yake aiki Saja take ce masa, tun daga Shugaba har yaran aji ɗaya. Matarsa kaɗai ke ce masa Kofur, domin ita ce ta ɗinka masa igiya biyu a hannun riga, kuma ta san ba a taɓa kawo mata ta uku ba. Shi ma bai cika musu ba. Yakan ce soja ya hana shi girma, farar hula suka ba shi kyauta, shi kuwa ba ya mayar da kyauta.

Da niyyar harbi ya shiga soja yana saurayi. Aka kai su filin gwaji, aka lura cewa duk abin da ya auna da bindiga shi ne kaɗai abin da ke da tabbacin tsira a filin. Sai aka karɓe bindigar cikin mutunci, aka miƙa masa begila. A nan ya gane abin da aka halicce shi dominsa. Iska ta ji maganarsa yadda harsashi bai taɓa ji ba. Da ya yi ritaya, wata makarantar kwana ta ɗauke shi, aka ba shi ɗaki biyu a bayan gidajen malamai da mabuɗin ɗakin ajiye kayan wasanni. Aikinsa na gaskiya dai busa ne: na tashi, na cin abinci, na kwanciya. A cikinsu na tashi ya fi so. A lokacin fili nasa ne shi kaɗai, ciyawa jiƙe da raɓa, tagogin ɗakunan kwana duk a duhu. Ya ɗaga begila, ya saki sautin farko, sai fitilu su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ne yake kunna su da numfashinsa.

Amma bara hukumar makaranta ta kafa lasifika a saman ɗakin cin abinci, ƙatuwa, fara, bakinta a wangale. Ba a taɓa kunna ta don busa ba. Tana nan dai a sama, kamar ɗan'uwan da ya zo gaida marar lafiya amma idonsa na kan katifa. Saja ya san abin da take jira. Kowace asuba idan ya wuce ƙarƙashinta sai ya ɗaga kai ya ce, "Ba yau ba."

Sanyin bana kuwa ya zo da mugunta. Leɓɓan Saja suka bushe, suka yi fari, suka fara ɓawo, sannan na ƙasa ya dare a tsakiya, daidai inda ƙarfe ke zama. Matarsa ta miƙa masa man da take shafawa, ya kalle ta kamar ta miƙa masa ɗankwali. A ganinsa namiji ba ya ɗora komai a leɓe sai abin da miya ta bari. Maganinsa shi ne yawu, kuma yana da shi kyauta. Yana lasa, iska na busarwa, tsagar na ƙara buɗe baki.

Ran nan da asuba ya tsaya a tsakiyar fili, ya ja numfashi, ya busa. Sautin farko ya fita lafiya. Na biyu ya hau, ya kai inda ya saba tsayawa ya yi shawagi, sai leɓen ya ce ya gaji. Abin da ya fito daga begilar, ko akuyar da aka taka wa wutsiya za ta ji kunyarsa. Fitilu suka kama gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba, kuma daga ɗakin kwanan manyan ɗalibai wata dariya ta taso, ta zaga ginin, ta dawo. Saja ya sauke begila, ya ga jini a bakinta.

Da hantsi Shugaba ta kira shi ofis. Mace ce mai sanyin magana, wadda mahaifinta zai yi sa'ar Saja, ba ta taɓa zama ba sai shi ya zauna.

"Baba Saja, ka huta har bakin nan ya warke."

"Ranki ya daɗe, ɗan ƙwarzane ne. Na busa da abin da ya fi wannan."

"Na sani. Amma yau da safe ni kaina na ɗauka wani abu ya faɗa rijiya." Ta danne murmushi. "Ka je kemis. Kafin ka warke sai mu kunna waccan."

Ba ta nuna lasifikar da hannu ba, ba ta kuma buƙata. Saja ya fito yana jin tsagar leɓensa na bugawa kamar ƙaramar zuciya. Ya gane lissafin sarai: muddin leɓen nan na buɗe, asubarsa tana hannun na'ura, kuma abin da aka ara wa na'ura ba kasafai take mayarwa ba.

Kemis ɗin yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinki. Saja ya wuce ƙofar, ya dawo, ya tsaya yana karanta tallan maganin tari har mutanen ciki suka fita. Mai kemis matashiya ce mai tabarau. A kan kantar gilashi akwai kwando cike da man leɓe, 'yan sanduna kamar alli, ja da kore da ruwan hoda.

"Sannu Baba. Me za a ba ka?"

"Matata ce ta aiko ni," in ji shi, yana magana ta gefen baki don kada tsagar ta buɗe. "Man nan na leɓe."

Ta dubi bakinsa, ta dubi kwandon. "Wane iri Mama take so?"

"Wanda mata ke so."

Ta ba shi wani mai ƙamshin alewa. Ya cusa shi can ƙasan aljihu kamar kayan sata. Bai buɗe shi ba sai da ya shiga ɗakin kayan wasanni ya sa sakata. A tsakanin ƙwallayen da suka sace da ragar da ɓeraye suka yi wa ado, ya ɗauko wani tsohon kofin gasa, ya goge shi da hannun riga, ya mai da shi madubi. Fuskarsa ta fito a jikin kofin da ƙaton hanci da ɗan mitsitsin goshi. Ya ce wa fuskar, "To, Kofur, ga inda muka iso." Ya murɗa, ya shafa.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne, man yana da zaƙi. Harshensa, wanda dama ba ya zaman banza, ya samu aikin da ya fi so a duniya. Ya shafa ya lashe, ya shafa ya lashe. Kafin a je ko'ina sandar ta koma rabi.

"Kai Kofur," in ji matarsa da ta tsinci abin a aljihun wandonsa za ta yi wanki, "wannan shafawa kake yi ko karin kumallo?"

"Na wani yaro ne, na ƙwace."

"Allah sarki. Ka ƙwace ka cinye masa."

A asubar farko da aka kunna lasifika, Saja yana kwance idonsa biyu, hannunsa na neman kofin ruwan ɗumi da babu dalilin haɗa shi. Rabonsa da jin busan tashi daga kan gado tun yana kurtu. Sai ga shi ya taso daga saman ɗakin cin abinci. Ya tashi zaune, ya karkata kai, ya saurara. A hankali fuskarsa ta washe, har tsagar ta yi masa gargaɗi.

"Kwamanda! Kin ji? Kin ji wannan?"

"Ina ji."

"Wane ne wannan, don Allah? Ji yadda yake jan numfashi a tsakiyar sauti, kamar mai hawan bene da buhu. Ga gaggawa. Wa ke korarsa? Kuma ji ƙarshen, ji yadda yake rawa! Wallahi da a bariki ne, sai ya share fili da buroshin haƙori."

Bargon ya fara girgiza. Matarsa ta cusa fuska a matashi, kafaɗunta na rawa. Saja ya ji daɗi ƙwarai da ta fahimci abin dariyar. Ranar ya sha shayinsa da nishaɗi. In dai wannan ne abokin hamayyarsa, to ba shi da damuwa, leɓe kawai zai gyara.

Ya koma kemis da ƙarfin gwiwa.

"Ta ce wancan wasan yara ne. A ba ta mai ƙarfi."

"Mai ƙarfi kamar yaya, Baba?"

"Wanda mutum zai san ya shafa magani."

Ta ɗauko wani kore mai sanyin na'a-na'a, amma ba ta sake shi ba. "Wannan idan leɓe ya riga ya tsage, yana da zafi fa. Leɓen Mama ya tsage?"

"Matar soja ce," in ji Saja, ya karɓe.

Ra'ayinsa tun na bariki ne, cewa maganin da bai sa mutum ya ambaci sunan mahaifiyarsa ba, ruwa ne. Wannan kuwa ya sa ya ambace ta, har da kakarsa. Ya tsaya a gaban kofin gasa hawaye na bin gashin bakinsa, yana fifita leɓe da katin alƙalin wasa. Da zafin ya lafa sai wani abu ya biyo baya wanda ya fi zafin muni: leɓɓan suka yi shiru. Ya taɓa su, kamar na wani. Ya ɗauko begila, ya cusa tsumma a bakinta don kada a ji, ya gwada a hankali. Ƙarfen ya zame kan maiƙo ya nufi kumatu, iska ta fita ta gefe kamar tayar keke da ta taka ƙusa. Mai busa da leɓensa yake gani, da shi yake lalube hanya. Saja ya zauna a kan buhun ƙwallaye. A karon farko tsoro ya zauna kusa da shi, tsoron cewa wataƙila ba sanyi ne kaɗai ya kama leɓen nan ba, har da shekaru.

Zuwansa na uku bai tsaya karanta tallan maganin tari ba. Ya ajiye sandunan biyu a kan kanta, ragowar mai zaƙi da kore mai mugunta.

"Ta ce duka ba su yi ba."

Mai kemis ta buɗe koren, ta ɗaga shi wajen haske, ta gyara tabarau. Da ƙumba ta zaro wani farin gashi, gajere, mai kauri kamar zaren buhu.

"Baba," in ji ta a hankali, "Mama tana da gashin baki ne?"

Saja ya dubi gashin. Gashin ma kamar yana dubansa. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"'Yata, tun yaushe kika sani?"

"Tun kana karanta tallan maganin tari."

Dariya ta kama shi, tsagar ta buɗe, ya dafe baki yana dariyar yana cewa wash. Ta jawo masa kujera. Ya gaya mata aikinsa, da ƙarfe, da asuba, da farar aba mai jira a saman ɗakin cin abinci. Ta saurara, sannan ta tura kwandon mai launi gefe, ta sunkuya ta ɗauko wata 'yar batta daga ƙasan kanta. Ba hoto a jikinta, ba ƙamshi. Abin ciki fari-fari ne, mai kauri, kamar kitsen da ya kwana.

"Da ka faɗa mini gaskiya tun farko, da wannan na ba ka. Kakin zuma ne da man kaɗe, ba turare, ba zaƙi, ba yaji. Ba ya yin komai sai rufe leɓe ya hana iska shanye shi. Ka shafa da kauri idan za ka kwanta, ka shafa kafin ka fita cikin iska. Ka riƙa shan ruwa. Kada ka ɓare ɓawon, shi zai faɗi da kansa. Idan ka koma busa, ka goge shi tas kafin ka ɗora ƙarfe, ka mayar bayan ka gama."

Ya shinshina battar. "Ba ya ƙamshin komai."

"Shi ya sa ba za ka cinye shi ba. Kuma Baba, lasar nan. Yawu yana jiƙa leɓe ne ya tafi da ɗan ruwan da ya tarar. Kai ne kake busar da kanka."

"Wato ni ne abokin gaba."

"Ni dai ban faɗa ba."

Hana harshe lasa ya fi duk wani faretin da ya taɓa yi wuya. Matarsa ta ɗauki aikin gadi da murnar da ta ba shi tsoro. Ko daga kicin ne sai ya ji, "Kofur, harshe!" sai ya mayar da shi ciki kamar ɓarawon da aka haska wa tocila. Amma man marar kwalliya ya yi aikinsa shiru. Ɓawon ya zube, farin ya tafi, tsagar ta fara haɗe bakinta daga gefe zuwa tsakiya. Kowace asuba kuma lasifika na busa, shi yana kwance yana ƙirga mata laifuffuka, har ya haddace su.

Da ya ga saura ƙiris, ya goge takalmi, ya tafi ofishin Shugaba. Ya ƙi zama.

"Ranki ya daɗe, na kusa dawowa. Amma kafin nan, a matsayina na wanda ya san aikin, dole in faɗi gaskiya. Wanda ya busa abin nan da kuke sa wa yara, ban san inda kuka samo shi ba, amma cutar ku aka yi. Numfashinsa gajere ne. Yana gudu kamar ya bar tukunya a wuta. Ƙarshen sautinsa na karkarwa. Tsoho ne, ranki ya daɗe, ina jin tsufan a cikin busan. Irin waɗanda ya kamata a ce musu an gode, su je gida su yi wasa da jikoki."

Shugaba ta bar shi ya kai aya. Ta juya biro a hannunta, ta ajiye.

"Baba Saja, don Allah zauna."

"Na fi son tsayuwa."

"Kai ne."

"Ni ne wa?"

"Kai ne ka busa. Ni na ɗauka da wayata, sanyin bara, ta wannan tagar."

Saja ya zauna. Kujerar ta yi ƙara. Mai busa ba ya taɓa jin kansa daga nesa. Yana jin sautin ne ta cikin ƙashin kansa, inda kowane sauti ke da kauri da ƙuruciya. Shekara da shekaru yana jin wani saurayi a cikin kunnensa, ashe abin da ke isa tagogin yara wannan tsohon ne mai hawan bene da buhu.

"To," in ji shi daga bisani. "Aƙalla ban yi masa ƙarya ba."

Ta yi dariya, amma ba ta daɗe ba. "Bari in gaya maka yadda abin yake. Hukuma ta daɗe tana so a koma lasifika gaba ɗaya. Ni nake ja musu rai. Hujjata ɗaya ce, cewa abin da muke da shi a na'ura bai yi kyau ba, gara mai shi. Idan ka warke ka dawo, zan ci gaba da faɗin haka, wataƙila mu ƙara shekara, wataƙila biyu. Amma duk ranar da ka yi mura ko ka yi tafiya, wannan ɗin za a sa. Ranar da ka bari kuma, shi zai zauna."

"Yara sun san ni ne?"

"Tun ranar farko."

Ya juya ya dubi tagar. Daga nan ana hango tsakiyar fili, daidai inda ciyawa ta mutu saboda tsayuwarsa. Yana iya yin shiru ya riƙe asubarsa, muddin ya yarda wancan busan ya zama shi ne abin da zai bari. Yaran da ba a haifa ba tukuna za su tashi da shi, su ce wai da can akwai wani Saja, ga yadda yake yi. Harshensa ya leƙo zai lasa, ya tuna, ya mayar da shi.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni har leɓen nan ya gama haɗewa. Sannan a samo na'urar kirki, ba waya ba. A ɗauka a fili, ba ta taga ba, bayan na sha shayi. In bai yi ba a sake, in bai yi ba a sake, har sai na ji da kunnena na ce ya yi. Wancan kuma a goge shi."

"Baba, ka san idan ya yi kyau, ba ni da sauran abin da zan gaya wa hukuma."

"Na sani."

"Asubar za ta tafi."

"Za ta tafi dama. Gara ta tafi da kayan kirki a jikinta." Ya miƙe, ya gyara hula. "Abu ɗaya nake roƙo. A bar mini busan cin abinci."

"Me ya sa shi?"

"Shi ne kaɗai busan da ba a taɓa kushewa ba. Ko tari na yi a cikin begilar, da gudu suke zuwa."

Shugaba ta rufe baki da hannu, ta gyaɗa kai. "Wannan kam zan iya tsaya maka."

Saja ya haɗa dugadugai, ya sara mata irin sarawar da ya daɗe bai yi wa kowa ba. Ya juya juyin soja, gwiwarsa ta bugi kwandon shara, ya tsaya ya tayar da shi, ya ce masa yi haƙuri. Sannan ya buɗe ƙofa, iska mai sanyi ta shigo ta ɗaga takardun kan tebur, ya fita ya ja ta a bayansa.